Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sanatoci Da 'Yan Majalisar Wakilan Zamfara: Wa Ke Sauraren Wayoyinmu, Kuma Da Izinin Wa?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma wakilanmu, ku goma ne jihar nan ta tura Abuja, uku a Majalisar Dattawa, bakwai a Majalisar Wakilai. Ku na zaɓa in rubuto wa, ban nufi Gidan Gwamnati ko majalisar dokoki ta Gusau ba, saboda tsarin mulkin ƙasa ya sa harkar waya da sadarwa cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka. Maganar da ke tafe da ni ita ce ta sauraren wayoyin mutane, da bin sawunsu ta layukansu, da tara bayanansu, da rufe musu sabis, duk da sunan tsaro.

Na san abin da wani zai ce tun bai yi nisa da karatu ba. Zai ce ana kashe mutane a Tsafe da Zurmi da Ɗansadau, ana kora mata daji, manomi sai ya biya haraji kafin ya girbe gonarsa, ga wani ya zauna a Gusau yana zancen sirrin waya. To, in hutar da shi: babu ɗan Zamfara mai hankali da zai ce kada a saurari wayar manyan 'yan bindiga irin su Bello Turji ko Ado Aleru. A saurara, dare da rana. Tambayata a kan wayar sauran mutanen jihar take, miliyoyin da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Wa ke da ikon shiga cikinta, wa ke ba shi izini, kuma wa yake yi wa bayani bayan ya fito?

Mu tuna abin da muka riga muka bayar. A watan Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Mutane suka yi sammako suna bin layi, tsoho da mai goyo, suka ba da hoto da zanen yatsu da adireshi. A watan Afrilun 2022 aka toshe kira a kan layuka sama da miliyan 72 a faɗin ƙasa saboda ba a haɗa su ba. Alƙawarin da aka yi mana shi ne duk layin da aka kira da shi aka nemi kuɗin fansa, za a san mai shi. Yau ma da waya ake cinikin fansa, a yi kwanaki ana kira ana rage farashi, wasu 'yan bindigar har bidiyo suke yi a TikTok suna nuna damin kuɗi. Shi kansa Pantami ya fito a farkon 2024 yana kokawa cewa masu yaƙi da laifi ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Mu dai mun cika namu ɓangaren.

Sai kuma abin da ba mu manta ba. Ranar 3 ga Satumban 2021, kwana biyu bayan sace ɗaliban makarantar Kaya a Maradun, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnan lokacin, Bello Matawalle. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta ga sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ga kasuwannin mako-mako a rufe, ga hana sayar da mai a jarka, ga hana safarar dabbobi. Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu a wasu yankunansu. Wanda ya zauna a jihar nan a lokacin ya san yadda abin yake. Mai POS ya tashi daga sana'a. Ɗan da ke aika wa iyayensa kuɗin cefane daga Legas ya rasa hanya. Mutum ya shiga mota har Funtuwa don kawai ya yi kira ɗaya, a kan hanyar da ake tare mutane. Ƙauyen da ya hango babura sun doso shi ba shi da yadda zai sanar da ƙauyen gaba, balle soja. Su kuwa mutanen daji, ba su rasa dabara ba: na kusa da iyaka suka koma layukan Nijar, wasu suka riƙa aiko da takarda ta hannun wanda suka sako.

Mai yiwuwa rufewar ta yi wani amfani a fagen daga. Idan ta yi, ina rahoton? Sansani nawa aka tarwatsa saboda ita, mutum nawa aka kuɓutar, kuma nawa suka mutu saboda ba su sami kiran taimako ba? An ɗauki kusan wata uku daga rayuwar jiha guda da wasiƙa ɗaya, ba tare da alƙali ya duba ba, ba tare da an yi muhawara a zaurenku an kaɗa ƙuri'a ba. Mafi ƙarancin abin da muke bi bashi shi ne a zo a karanta mana ribar da aka ci da asarar da aka tafka. Idan ba a yi wannan lissafi ba, gobe wani zai sake rufewa, ya ce ai an taɓa yi kuma ba abin da ya faru.

Ku kun fi ni sanin doka, amma bari in faɗa saboda masu karatu. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta tarho. Sashe na 45 ya yarda a taɓa wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, amma da sharaɗi: sai ta hanyar doka, kuma dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Bai ce idan gwamna ya roƙa ba, bai ce idan minista ya ga dama ba. A kan irin wannan ne Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa rufe Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa wa doka. Wancan manhaja ɗaya ce, kuma ta sami lauyoyi da ƙungiyoyi suka tsaya mata. Mu da aka rufe wa waya ɗungurungum, har da ta kiran asibiti, shiru kake ji.

To wace doka ce ke tafiyar da sauraren waya a Najeriya? Mafi yawan bayanin yadda ake yi yana cikin wasu ƙa'idoji da NCC ta fitar a 2019. Ku lura, ƙa'idojin hukuma ne, ba doka ce da kuka zauna kuka tsefe sashe-sashe ba. A takarda sun ce a nemi izinin alƙali kafin a saurari mutum. Sai dai sun bar ƙofa: idan hukumar tsaro ta ga akwai barazanar kisa, ko abin da ya shafi tsaron ƙasa, ko mai kama da aikin gungun masu laifi, tana iya fara saurare, ta nemi izinin daga baya cikin awa 48. A jihar da ba a wayi gari ba tare da labarin hari ba, wane kira ne ba za a iya cusawa ta wannan ƙofa ba? Rahoton shekara da ƙa'idojin suka ce a yi kuwa, ga Antoni Janar na Tarayya ake kai shi, wato gwamnati ce ke yi wa kanta bayani. Dokar laifukan intanet ta 2015 ita ma, a sashe na 38, ta wajabta wa kamfanoni su ajiye bayanan masu layi da tarihin kiraye-kirayensu na shekara biyu, su miƙa idan jami'an tsaro sun nema. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ci gaba ne, ba na musu, amma ta ɗage wa hukumomi da yawa daga sharuɗɗanta idan aka ce maganar tsaron ƙasa ce ko binciken laifi. Duk inda ka juya, kalmar tsaro ce mabuɗin.

Kuɗin kayan aikin kuwa ta hannunku suke wucewa. A ƙaramin kasafin 2021, Majalisar Tarayya ta amince da kimanin naira biliyan 4.8 ga hukumar leƙen asiri ta NIA don na'urorin tatsar bayanan WhatsApp da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. A Disambar 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Kanada ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ke amfani da kayan kamfanin Circles, waɗanda ke iya gano inda waya take da sauraren kira ba tare da an taɓa wayar ba. Ba sayen nake ƙi ba. Abin da ya dame ni shi ne majalisar da ta san ranar sakin kuɗi ya kamata ta san ranar tambayar a kan wa aka kunna na'urar. Kuma muna da dalilin zargi. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta wallafa yadda 'yan sanda suka bi tarihin kiran waya suka kamo 'yan jarida ta hanyar abokansu da 'yan'uwansu. A nan gida ma, a Oktoban 2022, gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe gidajen rediyo da talabijin, ciki har da NTA Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa, aka kuma jingina abin da dokar hana taro saboda tsaro. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, ta ce ba hurumin jiha ba ne, aka janye. Wanda ya iya yi wa gidan talabijin haka da rana tsaka, me zai yi da na'urar da ba mai ganin aikinta?

Ba na ware kowa a wannan magana. A 2025 an ji Gwamna Dauda Lawal yana cewa ya san inda manyan 'yan bindiga suke, har yana iya nuna su a wayarsa, matsalar ita ce jami'an tsaro ba daga gare shi suke karɓar umarni ba. Na fahimci takaicinsa, kuma mutane da yawa sun tausaya masa. Amma ni abin da na tsinta a maganar daban ne: ashe akwai kayan bin sawun waya a hannun gwamnatin jiha. Na'urar da ta iya nuna inda ɗan bindiga ya kwana za ta iya nuna inda ɗan jarida ko ɗan takarar adawa ya kwana. Wace doka ce ta tsara ta? Wa ke riƙe da ita, kuma hannun wa za ta koma ranar da mulki ya sauya? Ku 'yan siyasa ne, wasunku sun yi adawa, wasunku za su yi. Ko don kanku ya kamata wannan tambaya ta hana ku barci, ga zaɓen 2027 na ƙaratowa.

Amma gaskiya ba ku ne kuka fi damuna ba. Kuna da lauyoyi. Wanda ya fi damuna shi ne mutumin ƙauye da lambarsa za ta fito a wayar ɗan bindiga.

Ku duba yadda rayuwa ta koma a karkara. An sace matar mutum, an bar masa lamba, dole ya kira, ya yi ta kira har a daidaita. Gari ya yi sulhun dole don a bar shi ya yi noma, an wakilta mutum biyu su riƙa magana da mutanen daji. Mai shago an aiko masa da saƙo ya tura katin waya ko a ƙone shagon. Mai babur an tare shi an karɓi lambarsa da bakin bindiga. Bafulatanin da ke zaune lafiya a rugarsa yana da ƙane ko ɗan kawu da ya shiga daji, wanda kan kira shi ko yana so ko ba ya so. Duk waɗannan, ranar da aka kama waya ɗaya aka zazzage ta, sunayensu za su fito a jere da na infoma na gaskiya, wanda ke nuna gidan mai kuɗi a ba shi kaso. Tarihin kira yana nuna wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, da minti nawa aka yi. Ba ya nuna wanda ke kuka a cikin kiran da wanda ke dariya.

Ga shi kuma a Yunin 2022 jihar nan ta yi dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga ɗan bindiga da mai garkuwa da mutane da mai kai musu bayani. Kun ga ke nan kalmar infoma a Zamfara ba ƙaramar tuhuma ba ce. Sau da yawa ma ba a kai wa ga kotu. Da zarar an ce an ga lambar wane, labari ya zaga gari, 'yan sa-kai sun ji, shi ke nan. Mun san irin ramuwar gayyar da ta biyo bayan kashe-kashen da ba a yi shari'a ba, mun san rawar da ta taka wajen kai mu inda muke. Tun Janairun 2024 kuma ga Askarawa, rundunar tsaron da gwamnatin jiha ta kafa, sun shigo fage, ƙarin hannuwan da irin waɗannan bayanai ke iya faɗawa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ku tambayi iyalan da ke yawo daga ofis zuwa ofis suna neman inda aka ajiye ɗansu ko haka ake yi. Idan babu alƙalin da zai tsaya tsakanin jerin lambobi da ran mutum, to an bar jaki ne ana dukan taiki: mai bindiga yana daji da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, talakan da ya bi doka ya yi rajista da sunansa shi ne mai sauƙin kamu.

Haka abin yake a shingayen bincike. Sufeto Janar na 'yan sanda ya hana binciken wayoyin mutane barkatai tun Oktoban 2020, amma matafiyi ya san idan aka ce buɗe wayarka, ba wurin gardama ba ne. A karanta saƙon matarka, a duba hotunan iyalinka, a ga abin da ke asusunka.

Akwai wata fuska da masu cewa sirri kishiyar tsaro ne ba sa dubawa. Me ya sa mutanen ƙauye ke jin tsoron kai rahoto? Ku tambaye su, amsar ɗaya ce: ka kai bayani da safe, da dare a zo har gida a tambaye ka dalili. Ko hakan na faruwa kullum ko jefi-jefi, tsoron ya zauna, kuma ya rufe bakin dubban mutanen da suka san hanyoyin daji fiye da kowace na'ura. Gwamnatin da ba ta iya rufa asirin mai taimakonta ba, kunnenta ne take toshewa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, har ta sayi na ministan sadarwa na lokacin, Bosun Tijani, don ta nuna da gaske take. Hukumar NIMC mai bayar da lambar NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta ina bayanan suka fita, sun fita. A Legas illar hakan damfara ce. A Zamfara, suna da hoto da adireshin mutum a hannun wanda bai dace ba na iya zama sanadin a ɗauke shi cikin dare.

Kuma mu da muka riga kowa ƙaddamar da Shari'a a 1999 bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma haɗa shi da mummunan zato da gulma. Malamanmu sun yi bayanin inda larura ke halatta bincike, amma larura tana da iyaka, kuma ba mai binciken ne ke yanke wa kansa iyakar ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku kai ƙudurin da zai ɗauke maganar sauraren waya daga ƙa'idojin hukuma ya mai da ita cikakkiyar dokar majalisa, wadda za ta fayyace hukumomin da ke da iko, da laifukan da suka kai a yi saurare a kansu, da tsawon lokacin da izini zai yi kafin ya mutu. Tarihin kira da bayanin inda mutum yake su ma su shiga ƙarƙashin izinin alƙali, domin a wurinmu su ne ke kai mutum ga halaka fiye da abin da ya faɗa da baki. Ƙofar gaggawa a bar ta, ba wanda ke son a tsaya neman sa hannu alhali ana kora yara daji, amma duk wanda ya bi ta cikinta bai dawo gaban alƙali a kan lokaci ba, ya fuskanci hukunci shi da kansa, da sunansa. A rubuta ƙarara cewa fitowar lamba a wayar mai laifi ba ta isa hujjar tsare mutum ba sai da wani abin da ya ƙarfafe ta. Jami'in da ya fitar da sunan mai kai rahoto, ko ya sayar da bayanan jama'a, a ɗauke shi a matsayin mai taimakon 'yan ta'adda, don aikin da ya yi ke nan.

Rufe sabis kuwa, kada a sake yin sa da wasiƙa. Idan har ya zama dole, a kai gaban kotu, a faɗi yankin da kwanakin, a bar hanyar kiran gaggawa, a kuma dawo majalisa da bayani. Rahoton shekara ya riƙa zuwa gaban kwamitocinku, a fitar wa jama'a da adadi ko da ba a faɗi sunaye ba: izini nawa aka nema, nawa alƙalai suka ƙi, nawa suka kai ga kama ɗan bindiga na gaske.

Kafin doka ta samu, akwai abin da ɗayanku zai iya yi a zama mai zuwa ba tare da jiran kowa ba. Sashe na 88 na tsarin mulki ya ba ku ikon bincike. Ku gabatar da buƙatar a gayyaci NCC da ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro su zo su yi bayanin abin da rufewar 2021 ta haifar, da yadda aka yi amfani da bayanan NIN a shari'o'in garkuwa da mutane a Zamfara. In da hali, a yi zaman jin ra'ayin jama'a a Gusau, da Hausa, a ba mutanen Shinkafi da Anka da Maru dama su faɗi nasu a asirce ba tare da an ɗauki fuskarsu ba.

Allah Ya ba jiharmu lafiya, Ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Wani mai zaɓe daga Tudun Wada, Gusau.